Ranar da Bodari Ya Fesa Wa Mai Turare

Ko zan manta komai na zamana a ƙasar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar kamun Rukayya ba. Shekara uku ke nan, amma har gobe in na ji wani ya ce "kamar wani abu na wari," sai na fara sunkuyawa na shinshina hijabina kafin in ɗaga ido in kalli kowa.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ni ce mai turaren garin Greensboro, a nan Amurka. Ba cika baki ba ne, ku tambaya. Turaren wuta da humra a hannun kakata na koya tun a Kano, kuma babu amaryar Hausawa da za a kai ɗaki a garin nan, 'yar Najeriya ce ko 'yar Gana ko 'yar Nijar, ba tare da kayanta sun kwana uku a wurina ba. Abu na biyu, ina da baki. In miyarki ta yi gishiri zan faɗa miki cokali na hannuna. In ɗinkinki ya karkace ba zan jira ki koma gida ki gani a madubi ba. Mutane sukan ce, "Anti ba ta ɓoye-ɓoye," ni kuma in ji daɗi, a zatona yabo ne.

Abu na uku, ban shiga aji ba sai da na haura arba'in da biyar. Makarantar manya ta yamma na yi, bayan na gaji da kai wa 'yata Zainab kowace takarda ta karanta min. Akwai ranar da malamarmu ta buɗe mana shafin dabbobin dawa na ƙasar nan, da hotunansu, ta ce mu karanta sunayensu. Ni kuwa na ɗaga hannu na ce mata na zo koyon karanta takardar asibiti da ta wutar lantarki ne, ba sunan kurege ba, in dabba nake son gani akwai talabijin. Aji ya yi dariya, malama ta juya shafi. (Ku riƙe wannan shafin a ranku. Ni ban riƙe ba.)

Shekara goma sha huɗu muna zaune a bene hawa na uku a cikin gari, wajen Wendover, inda dabbar da na sani ba ta wuce karen maƙwabta da tattabarun bakin kanti ba. A can, duk ranar da na kunna gawayi sai ƙararrawar hayaƙi ta tara min jama'a. Shi ya sa da muka koma Pleasant Garden a bayan gari, ba gidan ne ya fi burge ni ba, ɗan ɗakin katakon da ke bayansa ne. Nan na kai kaskona da kabbasa, wato kwandon nan da ake kifawa a kan garwashi a shimfiɗa kaya su sha hayaƙi. Maigidana Malam Habu direban tirela ne, sai ya yi kwana goma a hanya. Zainab tana aiki a garin Charlotte. Yawanci ni kaɗai ce a gidan.

To a gidanmu ba a zuba abinci a shara. Haka na tashi, haka zan mutu. Saboda haka kullum bayan magariba sai in tattara sauran tuwo da ƙashin kifi da kan kaza a wani tsohon faranti, in ajiye a gindin ɗakin turaren, in ce duk mai rabo ya ci. Da safe sai in tarar an lashe shi tas. Wata rana da almuru na hango mai cin ta tagar kicin, ba tabarau a idona: baƙa ce, da fari a gadon baya, ga jela buzu-buzu. Na ce Allah sarki, kyanwa ce marar gata. Har suna na sa mata, 'Yar Baƙa. Na ƙara mata da madara.

Maƙwabciyata Mis Loretta, wata tsohuwa baƙar fata da ta yi ritaya daga aikin dafa abinci a makaranta, ita ta fara yi min magana ta kan shinge, da Turancinta mai ja kamar ƙullun koko.

"'Yar uwa, kin san abin da kike ciyarwa kuwa? Wannan ba kyanwa ba ce."

Na ce, "Loretta, na san kyanwa. A ɗakin kakata uku ke kwana."

Ta ce min sunanta sikank, ta toshe hanci ta nuna min. Na ce mata kowace dabbar waje tana da ɗan warinta, in ma wanka take buƙata ba ni zan yi mata ba. Ta girgiza kai ta koma shayar da furanninta.

Yanzu sai bikin. Rukayya 'yar Mma Salamatu ce, ita kuwa Salamatu 'yar zangon Kumasi ce, kuma ita ta karɓe ni lokacin da na sauka garin nan da goyon Zainab, Malam Habu bai samu ɗaki ba tukuna. Wata bakwai muna kwana a falonta, ba ta taɓa ɗaure min fuska ba. A hannuna aka yi wa Rukayya wankan farko. Da ta tashi aure sai ta samu Mubarak, ɗan Kano, kuma mahaifiyarsa Hajiya Binta ta taso musamman daga gida don bikin. Wannan zuwan ne ya hana Salamatu barci.

Ta ce min, "Ƙanwata, kin san mutanenki. Za ta zo ta dubi 'yata daga sama har ƙasa, ta koma ta ce 'yan zango ba su san gyaran amarya ba."

Na ce, "Yaya, bar min wannan. Ranar kamu in Rukayya ta gifta ta gabanta, in ba ta juyo ta bi ta da hanci ba, na daina sana'ar."

Sai ta ba ni abu biyu: kayan da amarya za ta sa ranar kamun in turara, da kuma alfarmar in riƙo hannun Rukayya in shigo da ita zauren. Ni da ba 'yar uwarta ta jini ba. Ban yi kuka a gabanta ba, sai da na shiga mota.

Kwana uku ina kan kayan nan. In turara, in juya, in yayyafa humra, in sake turarawa. Ranar Juma'a na ninke su da zafinsu, na ƙulle a leda, na ƙara wata ledar a kai don kada ƙamshin ya fita, na jera a akwati na zuge, na bar shi a ɗakin turare.

Ranar Asabar bayan na yi sallar asuba gari ya fara haske, na fita ɗauko shi. Na naɗe ɗankwali na yi gammo, na ɗora akwatin a ka. (Zainab ta sha ce min, "Mama, akwatin nan fa yana da taya." Ni kuwa ba zan ja kayan amarya a cikin ciyawa mai raɓa ba.) Ina fitowa daga ƙofar sai na ga 'Yar Baƙa a kan hanyata, daidai gindin matakala, tana lasar faranti. Ranar ce na fara ganinta kusa, kuma da tabarau. Bakinta tsini, farcenta zaƙo-zaƙo. Na ce a raina kyanwar Amurka dai ba ta da kyau.

Na ce, "Ke, matsa in wuce."

Ba ta matsa ba. Na buga ƙafa a ƙasa. Sai ita ma ta buga min ƙafafunta na gaba, dab-dab-dab, tana kallona.

Ku dubi wannan raini. Wata biyar tana cin tuwona. Ni da ko shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan garin bai taɓa buga min ƙafa ba. Na miƙa silifas na ɗan zungure ta. Ta juya min baya, ta ɗaga jelar nan sama kamar tuta, na ce yawwa, kin gane babba. Ashe saiti take yi.

Ban ji ƙara ba. Wani ɗumi kawai na ji ya sauka min daga ciki zuwa gwiwa, sai kuma warin ya iso. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku haɗa tayar da ake ƙonawa da ƙwan da ya lalace da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, ku kai su bayan majema da tsakar rana, to ba ku kai rabi ba. Wari ne mai shiga ido, mai ɗaci a harshe. Hawaye suka ɓalle min. A nan ne wata kalma ta kakata ta faɗo min, wadda na yi shekara arba'in ban ji ba: bodari. Ashe ɗan uwansa ne na ƙasar nan nake wa hidima da madara.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar, kuma ina so a rubuta min shi. Ban sauke akwatin ba. Idona ba ya gani, amma wuyana bai lanƙwasa ba. Haka na taka a miƙe kamar mai tallar nono har bakin shinge, ina kiran Loretta. Tana zaune a baranda da kofin kofinta. Tun kafin ta ƙaraso ta ja rigarta ta rufe hanci.

"Kyanwar taki ce?"

Na ce, "Karɓi akwatin nan tukuna."

Ta miƙo hannu ta kan shingen ta sauke shi daga kaina, ta yi nesa da shi, ta goge bayansa da ruwan kumfa, ta zuge ta sa hanci a ledar. Ta ɗago ta ce lafiya lau, babu abin da ya shiga. Na ce alhamdulillahi har sau uku. Da ma na gayyace ta bikin, sai ta ce ita za ta kai akwatin a motarta, don ba zai shiga gidana ko motata ba yau. Na yarda. Sannan ta ce in jira ta haɗo min maganin abin: ruwan nan na wanke ciwo mai kumfa, da hodar soda ta yin burodi, da sabulun wanke-wanke, a cuɗa a bokiti a yi wanka da shi.

A nan ne shaiɗan ya zauna min a hanci. Ni za a koya wa maganin wari? Ni da na shekara talatin ina haɗa ƙamshi? Kuma da sabulun kwanuka, kamar wata tukunya?

Na ce, "Na gode, Loretta. Wannan fannina ne."

Na shiga gida na ƙulle zanin da rigar a leda na jefar. Na yi wanka da sabulun salo sau uku, na goge jikina da lemon tsami. Na kunna gawayi a tsakar falo (na cire wa ƙararrawar batir), na zuba turaren da nake ɓoye wa 'ya'yan manya, na tsuguna a kai na lulluɓa da bargo har sai da na ga jiri. Na fito na shafe jikina da humra tun daga bayan kunne har tafin ƙafa. Zuwa hantsi na shinshina hannuna, na shinshina kafaɗata, babu abin da nake ji sai sandal. Na dubi madubi na ce wa kaina, sana'a ke nan.

Abin da ban sani ba a lokacin, hanci yana gajiya. In wari ya yi masa yawa sai ya ajiye aiki, ya bar ka da tunanin ka tsira. Ban kuma san cewa abin nan yana lafewa a fata ba, da an yi gumi ya farka. Ga shi watan Yuli ne, ga ankon leshi mai nauyi.

Kafin Loretta ta tafi sai da ta zo ta ƙwanƙwasa min, ta koma can ƙarshen matakala ta tsaya.

"'Yar uwa, yana nan fa. Yanzu ma ya samu abokin tafiya."

Na ce mata na safe ne ya maƙale mata a hanci, ta sha ruwa. Ta dube ni, ta shiga motarta.

Ƙarfe uku na isa zauren da aka kama a East Greensboro. An ƙawata wuri, mata sun cika, ana ta kiɗa. Abin da na fara lura da shi, matan da suka saba rungume ni sai su miƙo min 'yan yatsu su ja baya. "Anti, sannu da zuwa, an sha aiki." Na ce yau ganin idon baƙi ya sa kowa ya koyi ladabi. Na zauna a teburi mai kujera takwas, sauran bakwan duk akwai mutane a kai. Ba a yi minti biyar ba ɗaya ta ce bari ta duba shinkafa. Wata ta tuna ta bar wayarta a mota. Wata mai ciki kuwa tashi kawai ta yi da sauri. Kafin in gama buɗe lemona, ni kaɗai ce da kujeru bakwai. Na ce ai na san dalili, makon jiya na gaya wa ɗayarsu gaskiya a kan gwaggwaronta, shi ne suka haɗa kai.

Sai na ji wasu mata biyu a bayana suna raɗa.

"Kin ji abin da nake ji?"

"Tun ɗazu. Kamar wiwi. Wani na sha a kusa."

Kunnena ya miƙe. Na ja numfashi sosai, sai kuwa na ɗan jiyo wani abu can ƙasa-ƙasa, mai ɗaci. Raina ya ɓaci. Wiwi, a kamun Rukayya, ga uwar miji ta taso tun daga Kano tana neman abin faɗa? Na ce ba a gabana ba.

Na tashi na fara bincike. Na leƙa hanyar banɗaki, yana nan. Na shiga kicin inda ake zuba abinci, yana nan. Na fita bakin ƙofar baya, yana nan ma. Duk inda na sa ƙafa warin ya riga ni isa. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa cewa na yi, lallai yaran nan babu lungun da suka bari.

Teburin abokan ango yana gefe, su wajen goma, sun sha fararen shaddodi da huluna. Ina dosarsu na ga ɗaya ya kai hankici hanci, wani ya kawar da kai, wani ya ja kujerarsa baya. Na ce ga alamar marasa gaskiya. Na tsaya a kansu na riƙe ƙugu, kuma ku sani muryata ba ta buƙatar lasifika.

"Ku ba ku ji kunya ba? Kun sa manyan kaya kamar mutanen kirki, kun zo bikin 'yar mutane kuna busa mana hayaƙin banza. Iyayenku sun turo ku karatu ne ko shaye-shaye? Duk wanda ke da ita a aljihu ya tashi ya fita da ita tun ina ganin mutuncinsa."

Wuri ya fara yin tsit. Babban abokin ango, Usman, wanda ke aiki a kantin magani, ya miƙe ya ɗan rusuna.

"Allah ya huci zuciyarki, Anti. Wallahi babu mai sha a cikinmu."

"To warin daga ina? Daga sama?"

Ya dubi ƙasa. Sauran ma suka dubi ƙasa. Mutum goma, kowa ya sani, babu wanda ya iya buɗe baki. Sai na ji murya daga babban teburi, a nutse, irin ta matan da ba su saba a ɗaga musu murya ba. Hajiya Binta ce.

"Baiwar Allah, yaran nan tare suka tashi da ɗana. In kin ce suna sha, kin ce yana sha ke nan. Haka ake karɓar baƙi a nan?"

Na ce, "Hajiya, ni ba na ɓoye-ɓoye. Bari in shigo da amarya, ma ƙarasa maganar."

Na juya na nufi ɗakin da ake shirya Rukayya. Daidai lokacin mai kiɗa ya kashe sauti don a yi shelar shigowar amarya, zauren ya koma ko tari aka yi sai an ji. Na kai hannu zan tura ƙofar, sai ta buɗe kaɗan, Salamatu ta fito ta ja ta ta rufe, ta gicciya hannu. Loretta na bayanta.

"Tsaya nan, ƙanwata."

"Yaya, matsa, lokaci ya yi. Ga wasu yara can ma sun..."

"Ba za ki taɓa min 'ya ba yau."

Shekara ashirin da wani abu muna tare, ba ta taɓa yi min magana da wannan muryar ba. Na ce, "Me na yi?"

Idonta ya kawo ruwa, ban sani ba ko tausayi ne ko yajin abin. Ta ce, "Babu mai shan komai. Ke ce. Tun daga bakin ƙofa ke ce. Loretta ta gaya min abin da ya same ki. Kin tsirar da kayan, kada ki zo ki ɓata su da hannunki."

Na ɗaga hannun rigata a hankali na kai hanci, a daidai inda gumi ya jiƙa. Kamar hancin nawa jira yake a faɗa masa, nan take ya koma bakin aiki. Jama'a, ba bodari kaɗai ba ne. Bodari ne da ya yi wanka da humra ya tsuguna a kan sandal. Duk turaren da na zuba bai kore shi ba, goya shi ya yi ya zaga da shi zauren.

Ƙofar fita tana can ɗaya ƙarshen. Dole in ratsa ta tsakiyar mutane, kuma hanya ta buɗe min da faɗi, ba wanda ya sa na ce a matsa. Da na zo daidai teburin samarin sai na tsaya daga nesa. Na ce a raina bakin da ya yi ɓarna a bainar jama'a ba zai je ya gyara a ɓoye ba.

Na ce, "Usman, ku yafe ni, kai da 'yan uwanka. Na yi muku ƙazafi. Babu wiwi a wurin nan sai ni." Na juya wajen babban teburi. "Hajiya, yaranki masu tarbiyya ne. Sun san ni ce, suka rufa min asiri ina zaginsu."

Usman ya ce, "Ba komai, Anti, Allah ya ba da lafiya," kamar mai gaida marar lafiya a asibiti. Hajiya Binta ta kawar da kai. Na fice.

Na zauna a kan wani dakali a wajen ajiye motoci, inda nake hango cikin zauren ta gilashi. A nan na yi kukana. Ba kunyar ce ta fi ci na ba. Salamatu ta roƙe ni abu ɗaya, in fitar da ita kunyar surukai, ni kuma na zo na zagi baƙinta da bakina, na cika mata wuri da wari.

Ina kallo ƙanwar Salamatu ta riƙo hannun Rukayya, hannun da ni ya kamata in riƙe. Yarinyar ta yi kyau har ba a magana. Suna tafe a hankali, suka zo gifta babban teburi. Sai na ga kan Hajiya Binta ya juya. Ta bi ta da fuska. Ta miƙa hannu ta kamo gefen mayafin ta kai hanci, ta lumshe ido, ta daɗe ba ta saki ba. Ta yafito Salamatu ta tambaye ta wani abu. Salamatu ta ɗaga yatsa ta nuno gilashi, ta nuno ni, ina zaune a rana kamar wadda aka kora daga aji. Hajiya ta dube ni, ta dubi mayafin, ta sake dubana. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta yi har sai da ta dafa teburi.

Bayan an yi kamu Salamatu ta fito da faranti, wake da shinkafa irin tasu ta Gana da baƙin yajin nan. Ta ajiye a kan wata mota ta koma bayan mota ta biyu ta tsaya.

"Ci abinci, mai wiwi."

"Yaya, na kunyata ki."

"Kin kunyata kanki dai. Ni 'yata tana ƙamshi. Surukata ta ce tun da take zuwa biki ba ta ji haɗi irin wannan ba, wai ko kina da wanda za ta tafi da shi Kano."

Na share ido na ce, "Akwai."

"Ta ce amma a aiko ta hannun wani."

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Rukayya ce daga ciki, muryarta ƙasa-ƙasa. "Anti, na gode. Kowa sai tambayata yake. Ki tsaya a wurin, zan zo jikin gilashi mu yi hoto." Hoton yana falona yanzu: amarya a ciki, ni a waje, gilashi a tsakaninmu.

Kafin magariba ina tsaye a bayan gidan Loretta da tsohon zani, tana cuɗa min haɗin nata a bokiti. Na yi wanka da sabulun kwanuka kamar tukunya, kuma ya yi aiki. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, sau biyu kawai ta ce ai ta gaya min. Motata kuwa sai da ta yi wata guda tagoginta a buɗe. Malam Habu da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ko ya koma ya ƙara kwana goma ne.

Na daina ajiye faranti. Bayan 'yan kwanaki na hango 'Yar Baƙa ta fito daga ƙarƙashin ɗakin turare da 'ya'ya huɗu a bayanta, duk sun yi ɓul-ɓul da tuwona. Na bar su suka wuce, ban ce kowa ya matsa ba. Da suka tashi aka toshe ramin. Ranar Talata kuma na koma aji na roƙi malama ta buɗo min shafin nan na dabbobi, na karanta shi tun daga sama har ƙasa, har da kuregen.

Abin da na koya ba shi da yawa. Da ina jin daɗin yadda kowa ke shakkar bakina, ban san cewa mai irin wannan bakin ita ce ta ƙarshe da za a gaya wa gaskiya ba. Bakin yana nan, ban ajiye shi ba, kada ku yi murna. Amma yanzu in na zauna a teburi na ga kujeru sun fara zama wayam, ba na cewa hassada ce. Kuma duk ranar biki, kafin in shiga mota, sai na je bakin shinge na tsaya na buɗe hannuwa, Loretta ta shinshina ni. In ta ce in koma, komawa nake yi.